Shin igiyoyin maikrowef za su iya raba hatsinmu da ƙwari?

Da zarar kaka ta yi, motoci kan ɗauko masara da dawa da wake daga Malumfashi da Bakori da Dandume, su nufi Funtuwa da kasuwar Dawanau ta Kano. Ɗan kasuwar da ya jibge buhuna yana jiran farashi ya ɗaga ya san babban abokin gabarsa, wato ƙwaro. Na wake ya fi ta'adi, domin a jikin ƙwayar yake saka ƙwansa, tsutsar ta huda ta shige, ta ci ta ƙoshi daga ciki. Da yawa kan koma ga maganin feshi, kuma ragowar irinsa, mai suna dichlorvos, ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Wata hanya da masana ke gwadawa ita ce dumama hatsin da igiyoyin maikrowef masu ƙarfi. Na'urar da ke samar da su, magnetiron, yaƙi ne ya bunƙasa ta. A 1940 John Randall da Harry Boot na Jami'ar Birmingham a Ingila suka ƙera samfurin da ya ba da ƙarfin da ake buƙata don hango jiragen abokan gaba. A 1945 kuma Percy Spencer na kamfanin Raytheon a Amurka ya lura cewa igiyoyin na dumama abinci. Tukunyar maikrowef ta gida ba ta cika wuce wat 1,000 ba, ta masana'antu kuwa takan kai kilowat 100.

Igiyoyin suna girgiza ƙwayoyin ruwan da ke cikin abu, sau biliyan 2.45 a daƙiƙa ɗaya a tukunyar gida, girgizar ta zama zafi. Saboda suna ratsawa ciki, tsutsar da ta ɓuya a tsakiyar ƙwayar wake ba ta da mafaka. Zafin da ya kai kimanin digiri 60 yakan kashe ƙwaro da tsutsa da ƙwai cikin 'yan mintuna, ba tare da ya bar guba ba.

Sai dai akwai sauran rina a kaba. Zafin ba ya bazuwa daidai: wani sashe ya ƙone, wani ya tsira da ƙwarinsa, shi ya sa ake bi da hatsin a shimfiɗe a kan bel mai tafiya maimakon a cikin buhu. Idan zafin ya zarce kima, irin shuka ba zai tsiro ba. Kuma dumamar ba ta kare hatsi daga sabbin ƙwari, dole a zuba shi nan take a mazubin da iska ba ta shiga, kamar buhunan PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar.

Sai batun wuta, wanda a nan gizo ke saƙa. A lissafi, ɗaga zafin buhu mai kilo 100 daga digiri 30 zuwa 60 zai ci yunit biyu zuwa uku na mitar lantarki. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka dubi farashin buhun wake. Tsadar tana ga sayen injin da samun wutar da ba ta yankewa, abin da ya fi ƙarfin manomi guda a ƙauyukan Malumfashi, amma ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi ko babban rumbun ajiya na iya ɗauka.