Gyauron Albasa a Lambun Gida

Gyauro shi ne tsiron da ya fito da kansa daga irin da ya zube ƙasa, ba wanda ya shuka shi. A lambunan Maradun, Talata Mafara da Bakura a jihar Zamfara, inda madatsar ruwan Bakolori da aka kammala a 1978 ta bunƙasa noman rani, albasa na cikin kayan lambun da ke yin haka. Idan aka bar ta ta yi fure lokacin hunturu, kawunan furen kan bushe da bazara, baƙin irin ya kaɗe cikin fangali. Da ya samu laima sai ya tsiro cunkus.

A Turai, abin da ke damun mai lambu shi ne yadda dangin albasa za su tsallake ƙanƙara. A Zamfara sanyi ba ya cutar da albasa, shi ma take so. Damina ce abokiyar gabarta, musamman malkar watan Agusta. Ruwan da ya kwanta kan ruɓar da saiwa, yawan raɓa kuma ya jawo cutar da ke sa tabo a ganye har ya ƙone. Saboda haka gyauron da ake son ya kai kaka sai an cire shi daga kwari, a dasa bisa kunya mai tudu da ƙasa mai rairayi, ko cikin tsohon bokiti da aka huda gindinsa. Ana jira sai ya kusa kaurin fensir, a rage tsawon ganyen, a bar tazarar kamar yatsa huɗu tsakanin tsiro da tsiro. Ciyawa kuwa ba a yi mata jinkiri, domin saiwar albasa ba ta nisa.

Ruɓaɓɓen taki kaɗan ya wadatar.

Sai dai gyauro ba abin dogaro ba ne ga mai neman manyan kawuna. Ba a san uwar da ya fito ba, kuma ƙudan zuma na gauraya iri tsakanin fangali da fangali, sai ja da fara su haɗu. Albasar da ta yi saurin fure ma takan gadar wa 'ya'yanta wannan hali. Amfaninsa na gaskiya shi ne lawashi: uwargida ta tsinka ta sa a miya lokacin da albasa ta yi tsada, ragowar a daka a shanya a yi gabu. Irin noman rani kuwa, daga zaɓaɓɓun kawunan da aka adana ake samun nagari.