Kada Mu Kwantar Da Tsofaffinmu

Da zarar ruwan shuka ya sauka, kukan da muka fi ji a bakin dattawa cikin ƙauyukan da muke zagayawa shi ne na baya, da ƙugu, da gwiwa. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce amosani. A wani gida 'ya'ya sukan karɓe fartanya daga hannun Baba, su shimfiɗa masa tabarma a zaure, su ce ya huta, ai ya yi nasa. A wani gidan kuwa samari duk sun tafi birni, an bar tsoho da tsohuwa da gona guda, suna haɗiyar ƙwayoyi don su iya kai ƙarshen kunya. Na farkon ya fi kama da ladabi, amma mun lura shi ma yana karya tsoho, wani lokaci har ya fi saurin karya shi.

Bari mu duba abin da ke cikin gwiwa. A bakin kowane ƙashi, inda yake haɗuwa da ɗan'uwansa, akwai guringuntsi mai santsi. Shekaru da nauyin kaya sukan cinye shi a hankali, shi ne ciwon da yawancin tsofaffi ke ji. To, guringuntsin nan ba shi da jijiyar jini. Abincinsa yana cikin ruwan gaɓa, kuma yana shan ruwan ne kamar soso, in an matsa a saki. Wato gaɓar da ba ta motsi ba ta samun abinci. Tsoka ma haka take. A 2007 waɗansu likitoci a Amurka suka kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya kwana 10 a gado, ana ba su abinci sosai. Da suka tashi, aka tarar sun rasa kusan kilo 1 na naman ƙafa. Kwana 10 kaɗai ke nan. Tsokar cinya kuwa ita ce mai riƙe gwiwa, in ta rame ciwo ya ƙaru, in ciwo ya ƙaru mutum ya ƙara kwanciya. Da haka dattijon da ke zuwa gona bara zai zama sai an kama shi zuwa bayan gida bana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa mai shekara 65 zuwa sama ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, misali minti 30 sau 5. Manomi zai yi dariya, gama a damina yakan yi fiye da haka kafin kumallo. Amma ina zancen rani? Daga an gama kaka har bazara waɗansu ba su da aiki sai zaman gindin itace, sa'an nan ruwa ya sauka su faɗa wa huɗa da jikin da ya yi wata biyar yana barci. A nan ne baya ke riƙewa. Tafiya zuwa kasuwa, da ban ruwa a lambu, da kai awaki kiwo, su ne ke tsare jiki har damina.

Yaya mutum zai san ya wuce gona da iri? Ga ma'auni mai sauƙi. Ciwon da ya taso wurin aiki, ya kwanta kafin gari ya waye, ba abin tsoro ba ne. In kuwa ka tashi da safe ya fi na jiya, ko gwiwa ta kumbura, to, aikin jiya ya yi yawa. A rage shi, kada a daina.

Sai maganar fartanya. Gajeriyar ƙota tana sa mutum ya wuni a sunkuye, ƙugu kuma shi ke biyan bashin. A jihar Kalifoniya ta Amurka, tun 1975 aka hana sa 'yan ƙodagon gona aiki da gajeriyar fartanya, bayan likitoci sun ba da shaida a kan yadda take lalata baya. Ba mu ce a zubar da tamu ba, gama akwai aikin da ita kaɗai ke yinsa, musamman a jikin kunya da ƙasa mai laka. Amma mu dubi 'yan'uwanmu na Nijar, wajen Maraɗi da Damagaram, masu noma jigawa da hauyar tsaye. Ƙotarta doguwa ce, mutum yana tsaye yana tura ta, tana yanke ciyawa a ƙarƙashin rairayi. Mu ma ai da sungumi muke sara ramin shuka, ba mu sunkuyawa. Duk dattijon da gonarsa jigawa ce, ya kamata ya gwada. Wanda tasa laka ce, ya je wurin maƙeri a ƙara wa ƙotarsa tsawo, a kuma wasa bakin, don dakusasshiyar fartanya ƙarfi biyu take ci. Mun san akan yi wa mai doguwar ƙota ba'a, a ce ragon noma ne. Masu ba'ar ba su za su kwana da ciwon ba.

Lokaci ma dabara ce. A fita da sassafe, a dawo kafin rana ta take, in da hali a koma da la'asar. Kowane ƙarshen kunya biyu ko uku a miƙe, a dafa ƙugu, a ɗan lanƙwasa baya. A tafi da ruwan sha, gama tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, sai jiri ya ɗebe shi.

Iyayenmu mata sun fi shan wuya, kuma su ne ba su cika faɗi ba. Jarkar ruwa mai lita 25, kilo 25 ke nan a bisa wuya, rabin buhun taki. Ga itace, ga daka, ga sunkuyo wurin shara da tuƙin tuwo. Ƙaramin bokiti sahu biyu ya fi jarka sahu ɗaya. Tsintsiya a ɗaura mata sanda. Surfe da ɗaukar kaya na jikoki ne, amma tankaɗe, da ɓarar gyaɗa, da kula da kaji, da zuwa rijiya da ɗan abin da za ta iya, kada a hana Kaka. Mai ciwon gwiwa ɗaya ya riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ciwon ba, tsawonta kuma ya kai wuyan hannu in yana tsaye. A kafa turke mai ƙarfi kusa da bakin masai don a kama a tashi. Abu ne ƙarami, amma tsofaffi da yawa a nan suke faɗuwa, kuma kunya ba ta barinsu su faɗa.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu, wato ƙwayoyin da masu talla ke ƙullawa a leda ran kasuwa, ja da fari da rawaya, su ce maganin gajiya ne. Sau da yawa a ciki akwai dikulofenak ko ibufurofen. Suna kwantar da ciwo, gaskiya ne, amma in tsoho ya daɗe yana sha sukan jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su ƙara hawan jini. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, jini ne ke zuba a ciki, ya nufi asibiti a ranar. Akwai kuma deksametazon, mai sa fuska ta cika har a ce mutum ya yi ƙiba. Ba ƙiba ba ce. Yana tada ciwon suga, yana kuma sa ƙashi ya yi rauni. Tiramadol kuwa yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi, yana kawo jiri da faɗuwa. Farasitamol ya fi sauƙin haɗari, amma shi ma da iyaka: ƙwaya 2 masu miligiram 500 a lokaci ɗaya, kada a wuce 8 a yini da kwana. Ramammen tsoho, ko mai shan burukutu, nasa bai kai haka ba saboda hanta, sai ya tambayi ma'aikacin asibiti. Gashi da ruwan ɗumi da murza man kaɗe ba su da laifi, suna kuwa taimako, balle da hunturu. Tsaga da sakiya a kan gwiwa ba su fid da komai sai su shigar da ƙwayar cuta, ga mai ciwon suga kuwa miki ne da zai ƙi warkewa.

Ba kowane ciwo ne na tsufa ba. Ciwon baya mai tafe da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, yana iya zama tarin fuka ne ya shiga ƙashin baya, kuma yana da magani. Gaɓar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, tare da zazzaɓi, ba ta jiran ran kasuwa. Haka ƙafar da ta mutu ko ta rasa ƙarfi, da fitsarin da ya ƙi fita ko ya ƙi riƙuwa, da ciwon ƙirji wurin aiki. Tsohon da ya faɗi ya kasa taka ƙafa, a ɗauka ƙashin ƙugu ya karye har sai hoton asibiti ya nuna ba haka ba.

A kula da abinci kuma. Don haƙora sun zube, kada a bar tsoho da kunu kaɗai. Wake da ya nuna luguf, da nono, da ƙwai, da miyar gyaɗa da zogale, su ne ke gina tsoka.

Kafin ruwa ya sauka, muna roƙon dattawan kowace ikilisiya su zauna da masu unguwa su lissafa tsofaffin da ke noma su kaɗai. A yi musu gayyar huɗa, da ta ɗauko amfani zuwa rumbu, gama waɗannan biyu su ne masu karya baya. Zaɓen iri, da shuka, da cire ciyawa a gonar bayan gida, a bar musu abinsu.