Bayani Kan Yadda Za A Yi Da Tsofaffin Baturan Babura Masu Aiki Da Lantarki

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babura da kekuna masu ƙafa uku da ke aiki da lantarki suka fara samun karɓuwa a garuruwa, har ma da wasu ƙauyuka. Da yawa daga cikinsu suna amfani da baturin litiyam, irin wanda ke cikin wayar salula, sai dai na babur ya ninka shi girma nesa ba kusa ba. Bayan wasu shekaru, mai babur zai ga cajin da ke kai shi kasuwa ya dawo da shi gida ya fara yanke masa a hanya, sai ya ce baturi ya mutu.

Abin da ya kamata jama'a su sani shi ne, irin wannan baturi bai mutu ba. Galibi ana ɗaukar sa a matsayin wanda ya gaji ne tun yana iya riƙe kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na wutar da yake riƙewa yana sabo. A cikin akwatinsa akwai ƙananan batura masu yawa a jere, kowanne da ruwan sinadari mai saurin kama wuta. Idan aka huda ɗaya, ko aka buge shi da guduma, ko zafi ya yi masa yawa, sai ya kama da wuta ya kunna na kusa da shi, haka har akwatin ya ƙare. Hayaƙinsa guba ne, kuma wutar tana iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu.

A nan ne ya bambanta da baturin mota da aka saba da shi, wanda 'yan gwangwan ke saye domin darmar da ke cikinsa. Na litiyam ba shi da darma. Yaron da ya fasa shi yana neman abin sayarwa, hannunsa da idonsa kawai yake jefawa cikin haɗari. Akwai tagulla da alminiyam a ciki, wasu kuma har da nikel da kobalt, amma sai masana'anta mai kayan aiki ce ke iya fitar da su lafiya.

Saboda haka ana jan hankalin jama'a da kada su jefa tsohon baturi a bola, ko kududdufi, ko masai, kada kuma a ƙona shi tare da shara. A naɗe bakin wayoyinsa da salatef na masu gyaran wuta, a ajiye shi a inuwa, wurin da ruwa ba ya taɓawa, nesa da ɗakin kwana da rumbu da tarin kara da jarkar fetur. A ƙara kula a watannin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, musamman a ɗaki mai rufin kwano. Wanda ya kumbura ko yake fitar da wari, kada a sake sa shi caji. A fitar da shi fili, a sa a bokitin ƙarfe ko rabin duro, a rufe da busasshen yashi. In ya kama da wuta, a janye yara, a tsaya ta inda iska ba ta kawo hayaƙin, a kira jami'an kashe gobara.

A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idojin kula da batura, waɗanda hukumar NESREA ke sa ido a kansu. Ƙa'idojin sun ɗora wa masu ƙera batura da masu shigo da su alhakin tattara tsofaffin. Don haka dillalin da ya sayar da babur shi ne mutum na farko da za a mayar wa, kuma yana da kyau mai saye ya tambayi wannan tun kafin ya biya kuɗi, ya kuma adana rasit.

Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni su isar da wannan bayani ga ƙungiyoyin 'yan acaɓa da makanikai da 'yan gwangwan. Jami'an duba-gari kuwa su riƙa leƙa shagunan caji da wuraren tara tarkace a ranakun kasuwa, su sanar da sashen kula da muhalli na ƙaramar hukuma duk inda suka tarar an jibge irin waɗannan batura.