Hanyar Oodnadatta: Inda Ruwan Sama Ke Tsare Matafiyi

Idan aka ambaci ƙuryar Ostireliya, zafi da ƙishirwa ne ke fara zuwa wa mutum a rai. Amma a hanyar Oodnadatta, wadda ta tashi daga Marree zuwa Marla a jihar Kudancin Ostireliya, kimanin kilomita 600 babu kwalta, ruwan sama ne ya fi tsare matafiya. Mu huɗu muka bi ta a lokacin hutun jami'a, da mota mai jan ƙafa huɗu, tanti biyu, jarkokin ruwa da ɗan buhun shinkafa.

A Marree muka fara yada zango. A ƙarni na 19 garin ya kasance matattarar Musulmi masu raƙuma daga Afganistan da yankin da ake kira Pakistan a yau. Su ne suka riƙa kai kaya cikin hamada kafin zuwan mota. Akwai ɗan masallacin laka mai rufin ciyawa da aka gina don tunawa da nasu, kai ka ce a wani ƙauyenmu kake.

A bakin kowane gari akwai babban allo da ke nuna halin da hanya ke ciki: a buɗe take, ko ta masu jan ƙafa huɗu ce kaɗai, ko an rufe. Wanda ya bi rufaffiyar hanya tara zai biya, kuma ni ban ga laifin dokar ba. Ƙasar wurin yumɓu ce. Da ta jiƙa sai ta yi santsi kamar kuɓewa, ta like a taya. Mota ɗaya ta isa ta haƙa ramukan da za su bushe su wahalar da makiyayan yankin har sai an kawo gireda.

A William Creek ruwa ya riske mu, muka yi kwana uku cur. Garin bai wuce otal ɗaya da gidan mai da filin saukar ƙananan jirage ba, mazauna kuwa ba su kai ashirin ba. Yana tsakiyar gandun shanu na Anna Creek, mafi girma a duniya, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 20,000. Abinci da mai suna da tsada, naman halal kuwa babu, sai shinkafa da kifin gwangwani safe da yamma. Ɗayanmu yana da aiki ranar Litinin a Adelaide, dole ya buga waya ya ba da haƙuri. Ga ɗalibin da ke biyan haya da aikin awa-awa, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Don haka duk mai niyyar zuwa ya ƙara kwana uku a lissafinsa, na lokaci da na guzuri.

Batun wurin kafa tanti shi ne mafi haɗari. Busasshiyar ƙorama tana jan baƙo: ga inuwar itatuwa, ga rairayi mai laushi. Wanda ya taso a bakin kogin rairayi a ƙasarmu ya san sauran labarin. Ruwan da aka yi a nesa yakan gangaro cikin dare, ko ɗigo bai sauka a kanka ba. Mu dai tudu mai tsakuwa muka zaɓa, muka sha iska da sanyi. Tsakanin garuruwa babu sabis na waya, shi ya sa ake hayar wayar tauraron ɗan Adam. Idan mota ta kafe, a zauna kusa da ita, domin mai nema ya fi saurin hango mota a kan mai tafiya a ƙasa.

Da allon ya koma na masu jan ƙafa huɗu, muka haƙura da ragowar hanyar muka karkata zuwa Coober Pedy, garin masu haƙar dutsen opal, inda mutane da yawa ke kwana a gidajen ƙarƙashin ƙasa. Kilomita 160 da ɗoriya ne, amma sai da muka yi kusan wuni kafin tayarmu ta taɓa kwaltar babbar hanyar Stuart.