Yaya Agogon Zamani Ke Sanin Mun Tashi Tsaye?

Da yawanmu mun taɓa ganin agogon zamani, irin wanda ake sayowa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, wanda kan girgiza a hannu ya ce wa mai shi ya tashi ya motsa. To, agogo ba shi da ido, ta yaya ya san mutum ya daɗe a zaune?

Sirrin yana cikin wata 'yar na'urar auna motsi da ba ta fi ƙwayar dawa girma ba. Tana jin motsi ta fuska uku: sama da ƙasa, gaba da baya, hagu da dama. Tana kuma jin yadda ƙasa ke jan kowane abu, shi ya sa take gane inda hannu ya karkata. Irinta ce ke juya hoto idan muka kwantar da waya. In hannu ya daɗe a kan tebur, agogon zai ɗauka muna zaune. In ya sauka gefen jiki yana lilo kamar na mai tafiya, sai ya fara ƙidaya taku.

Apple Watch, wanda ya fito a 2015, yana son mutum ya tashi ya motsa na aƙalla minti 1 a kowace awa, har awa 12 a rana. Idan minti 50 na awar suka wuce ba a motsa ba, sai ya tunatar. Shi kuwa Fitbit taku 250 yake nema a awa.

Amma fa mu lura, hannu agogon yake aunawa, ba ƙafa ba. Yarinyar da ke dakan gero tana tsaye wuri guda, agogon na iya rubuta mata taku. Mai tura kurar ruwa daga burtsatse kuwa, tunda hannunsa na riƙe da kura, ana iya tauye masa lissafi. Ashe kintace agogon yake yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki na minti 60 a kullum. Mu da muke takowa makaranta daga ƙauyukanmu, muna kuma zuwa gona, muna samun wannan. Inda muke dogon zama shi ne lokacin karatun jarrabawa. Ba sai mun sayi agogo ba: duk awa mu ajiye littafi, mu miƙe, mu ɗan zaga, sannan mu dawo karatu.