Fiyanon da Ba Ya Kiɗa da Kansa

Idan aka ce "fiyano" a Kano ko Kaduna, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne waƙoƙin finafinai da na biki: matashi a situdiyo ya danna maɓalli guda, ganga da sarewa da goge su kaure lokaci ɗaya. Waccan na'urar lantarki ce, galibi ƙirar Yamaha mai madannai 61, kuma rabin kiɗan tun daga kamfani aka zuba mata shi. Fiyano na asali kuwa ba ya buƙatar wuta, ba ya kuma rufa wa kowa asiri. Abin da yatsunka suka yi shi kunne zai ji, har da kuskuren.

Wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera shi a birnin Florence wajen shekarar 1700. Na yau yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. A cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe kusan 230 a ɗaure tam, nauyin da suke ja a haɗe ya kai tan 18 ko fiye. Duk madannin da ka taɓa, wata 'yar guduma mai lulluɓin ulu ce za ta tashi ta bugi tsirkiya. Ka taɓa a hankali, sautin ya fito a hankali. Ka sa ƙarfi, ya yi ruri. Daga nan ma sunan ya samo asali, domin a harshen Italiya "piano" na nufin a hankali.

Wannan taɓin shi ya sa ake koyon kiɗan gargajiyar Turai malami ɗaya, ɗalibi ɗaya. A aji mai mutum arba'in ba mai lura da cewa wuyan hannunka ya faɗi ƙasa ko kafaɗarka ta sandare. Darasin mai farawa yakan ɗauki minti 30 sau ɗaya a mako, daga baya ya kai awa guda. Za a fara da zama: baya a miƙe, yatsu a lanƙwashe kamar ka riƙe lemo. Kowane yatsa da lambarsa, babban yatsa 1, ƙarami 5. Sai karatu, domin wannan kiɗa a rubuce yake, a kan layuka biyar-biyar, jeri na sama yawanci na hannun dama, na ƙasa na hagu. Ido na karanta jeri biyu lokaci guda, hannu biyu kowa da aikinsa, ƙafa kuma na kan feda. Wanda ya taɓa gwada zana da'ira da hannun dama yana zana murabba'i da hagu ya ɗanɗana makon farko.

Gaskiyar da masu tallar darasi ba su cika faɗa ba ita ce, ba a gaban malami ake iyawa ba. Malami gyara yake yi. Iyawar tana cikin kwana shidan da suka rage, kai kaɗai, kana maimaita gaɓa ɗaya har ta zauna a hannu. Duk wanda ya yi hadda ya san wannan: minti 20 kullum ya fi awa uku a daren da za a ba da tilawa.

Akwai jarrabawa ma. Fitacciyar hukuma ita ce ABRSM da aka kafa a Landan a 1889, mai matakai daga 1 zuwa 8. A jarrabawar zahiri ɗalibi zai kaɗa kiɗa uku da ya shirya, ya yi atisayen hawa da saukar sauti, ya kaɗa wani rubutu da bai taɓa gani ba, sannan a gwada kunnensa. Maki 150 ne, ana cin jarrabawa da 100, mai 130 zuwa sama ya yi zarra. Ba a tambayar shekarun haihuwa. Dattijo mai jikoki na iya zama mataki na 1 rana ɗaya da yarinya 'yar firamare. Manya sukan riga yara fahimtar ƙa'ida, amma sun fi su saurin jin kunyar kuskure, kuma kunyar ce ke korar da yawansu, ba taurin yatsu ba.

A Najeriya cibiyar wannan fanni tana Onikan a Legas, wato MUSON, ƙungiyar da aka kafa a 1983. Cikin waɗanda suka kafa ta har da Akintola Williams, wanda akanta ne ba makaɗi ba. Tana da makaranta da ke karɓar yara da manya, tana kuma ba da difloma.

Kada ku ɗauka cewa Mozart da Beethoven ne kaɗai a littafin. Akin Euba, ɗan Legas da aka haifa a 1935 ya rasu a 2020, ya yi bincike mai zurfi kan dundun, gangar Yarbawa mai magana, 'yar'uwar kalangunmu. Ya ce tun da guduma ce ke bugun tsirkiya, ai fiyano ma ɗan gidan ganga ne, ya kuma rubuta kiɗan da ke sa shi yin magana irin ta gangunan Afirka. A ganina, yaron da ya tashi yana jin kalangu na kiran sunan mutane da hawa da saukar murya ya shigo wannan fage da kunnen da wasu sai sun yi shekaru suke samu.

To, mai sha'awa daga ina zai fara? Daga gida. Gidaje sun bambanta a kan batun kiɗa, wasu saboda addini, wasu saboda tsoron kada ya cinye lokacin karatu, don haka shawara da iyaye ita ce farko. Idan sun amince, su za su ga malamin. A tambaye shi inda ya koya da matakin da ya kai, a ce ya kaɗa wani abu daga rubutu, domin gwanin situdiyo da yawa da kunne suke aiki kawai. Darasin kuma a yi shi a falo ko a makaranta, ƙofa a buɗe, da wani babba a kusa.

Sai abin kiɗan. Fiyanon katako na da tsada, kuma yanayinmu na wahalar da shi: a damina katakon ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke, saitin sauti ya gudu, mai gyara kuma sai an nemo shi daga nesa. Mafi sauƙi shi ne na lantarki mai madannai 88 masu nauyi, waɗanda ke turje wa yatsa kamar na asali. Mai 61 ɗin nan zai iya riƙe ka a watannin farko, muddin ka kashe maɓallin da ke sako ganga.