Hanyoyin Jar Ƙasa: Inda Mai Keke Zai Huta Da Tsoron Mota



Duk wanda ya tashi a Nima ko Maamobi ya san yadda yaro ke koyon keke a wajenmu. A lungu ake farawa, tsakanin gota da teburin mai koko, ƙafa ɗaya a ƙasa saboda kada a ture kayan wani. Ran da hannu ya faɗa sai lungu ya yi wa yaro kaɗan, ya fito babban titin Nima ko na Kanda, ya shiga tsakanin trotro da okada. To nan ne iyaye ke rasa barci, kuma da gaskiyarsu. A 'yan shekarun nan mutum sama da 2,000 ne ke rasuwa a kan titunan Gana kowace shekara. Ranar Sallah kuwa ba sai na faɗa ba, kowa ya ga abin da samari ke yi da babur da keke a kan kwalta.

Shi ya sa gidaje da yawa suka hana keke gaba ɗaya. A ganina hanin bai kai ga tushen matsalar ba, don abin tsoron mota ce. Akwai hanyoyin da mota ba ta cika bi ba, kuma ba su da nisa da Ankara yadda muke zato.

A Turai da Amurka mutane sun mai da bin irin waɗannan hanyoyi wasa na musamman, har da kekensa daban. Suna barin kwalta su bi hanyar tsakuwa da ta gona da ta cikin daji. Abin dariya shi ne abin da suke kashe kuɗi suna nema, shi ne hanyar da manomin Gana ke bi kullum da rogo a bayan kekensa. 'Yan uwanmu da suka zo daga Tamale ko Bawku za su ce ai wannan ba labari ba ne.

Sirrin keken yana ga taya. Keken tsere na kwalta tayarsa siririya ce, faɗinta kamar milimita 25 zuwa 28, an cika ta da iska ta yi tauri. Ta hau tsakuwa sai ta riƙa tsalle, ta shiga rairayi sai ta nutse. Ta hanyar ƙasa tana kai milimita 40 ko fiye, da ƙurajen roba a jikinta, kuma ba a cika ta tam. Idan iskar ta ɗan ragu, taya tana shimfiɗuwa a ƙasa ta kama ta da kyau, tana kuma shanye girgiza kafin ta iso hannu. Amma in ka rage da yawa, dutse zai matse tub a jikin ƙarfen taya ya huda shi wuri biyu. Wannan duka yana nufin tsohon keken hawa dutse da ake kawowa daga waje, irin wanda ke jingine a gidaje da yawa a unguwa, ya isa. Birki dai ya kama, giya ta canza, sarƙa ta sha mai.

Wuri na farko da zan ambata shi ne Aburi, a kan duwatsun Akuapem, kamar kilomita 30 arewa da Ankara. Trotro na tashi daga Madina ya bi ta Adenta da Oyarifa, ya fara hawa daga Ayi Mensah, ya wuce Peduase. Kada wanda ya ce zai hau wannan tudun da keke don nuna ƙarfi. Titin mota ne mai kwana, shi muke gudu. A yi ciniki da direba a ɗaura keken, ko a je hannu sake, domin masu ba da hayar keke sun daɗe kusa da lambun Aburi kuma suna haɗa mutum da ɗan jagora.

Lambun an buɗe shi a 1890, zamanin Turawa. Daga bakinsa hanyoyin jar ƙasa suna gangarawa ta bayan gari zuwa gonakin rogo, ayaba, kwakwar manja da koko. A sama iska tana da sanyi, inuwa ta wadata, kuma kana iya tafiya mai tsawo ba ka ji hon ba, sai dai babur jefi-jefi. Gaba kaɗan akwai Mampong, inda Tetteh Quarshie ya shuka kokon da ya kawo daga tsibirin Fanando Po a 1879, gonar tana nan ana ziyarta. Wanda ke son tarihin Najeriya kuma, a wannan yankin ne Gowon da Ojukwu suka zauna a Janairun 1967 don neman sulhu kafin yaƙin Biyafara. Sai dai a sani, duk gangarar da ta yi maka daɗi da safe, ita za ka hau da rana. A gangara a riƙe birki biyu a hankali, a ja jiki baya. Wanda ya damƙe na gaba kaɗai a kan tsakuwa zai riga kekensa isa ƙasa.

Na biyu shi ne gandun dajin Shai Hills, a hanyar Akosombo kusa da Doryumu, ana samun mota daga Ashaiman. Faɗinsa kamar murabba'in kilomita 51, fili ne na ciyawa da duwatsu, hanyoyinsa na ƙasa ne kuma ba tudu sosai, don haka ya fi dacewa da sabon hannu. Akwai gwaggon biri da yawa tun daga ƙofa, da bareyi, da kogunan dutsen da mutanen Shai suka zauna har Turawan Ingila suka kore su a 1892. Ana biyan kuɗin shiga, ana bin umarnin ma'aikatan daji. Inuwa ba ta da yawa, sai a yi sammako. Kuma kada a riƙe leda da abinci a hannu, birin nan bai san kunya ba.

Tsakanin Dodowa da ƙasan duwatsu ma akwai hanyoyin gonakin mangwaro, sai dai gine-gine suna cinye su, kuma tifofin yashi suna bi. Nan sai da wanda ya san wurin.

Lokaci yana da muhimmanci. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ne, jar ƙasa takan zama taɓo mai manne wa taya har ta ƙi juyawa. Agusta da sauƙi. Disamba zuwa Fabrairu hanya ta bushe, amma ƙurar hunturu tana cin sarƙa, sai an goge an sa mai bayan an dawo.

Akwai abin da ya fi taya da birki, wato yadda za mu shiga garin mutane. Hanyar gona ba filin wasa ba ce, hanyar neman abincin wasu ce. Ka haɗu da tsohuwa da itace a ka, kai za ka tsaya ka ba ta hanya, ka ce "maakye" in safiya ce, ka ce "medaase" in ta nuna maka hanya. Mangwaro ko lemon da ya leƙo hanya yana da mai shi. Wasu garuruwa suna da ranakun da ba a shiga daji ko rafi, kuma kafin bikin Odwira ana hana hayaniya a Akuapem. Tambaya ba ta cin komai. Mu da hula da hijabi za a gane daga Zango muke tun kafin mu yi magana, abin da muka yi kuma da sunan Zango za a faɗe shi.

Maganar salla, tun da na san za a tambaya: babu kasaru. A Risala mun karanta tafiyar kasaru mil 48 ce, kusan kilomita 80, Aburi da Shai duka ba su kai ba. A ɗauki ruwan da zai isa sha da alwala, a tambayi Zangon garin da aka sauka.

Kada kowa ya tafi shi kaɗai, kuma kada a tafi ba da iznin gida ba. Mutum huɗu zuwa shida da babba guda ya fi, a bar sunan garin da lokacin dawowa a wajen iyaye. Hular kwano a ka, famfo da faci da tub guda a jaka, waya da caji, lambar gaggawa 112. 'Yan uwa mata masu son zuwa su sa wando a ƙarƙashin riga, su ɗaure bakin hijabi da kyau don kada sarƙa ta kama shi. A juyo da La'asar, domin a Gana ƙarfe shida da 'yan mintuna duhu ya yi, kuma hanyar gona ba ta da fitila.